Wane nau'in Linux ya dace da ɗakin kwamfutar makaranta a Damagaram?

Malamin lissafi, unguwar Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dukkan ƴan'uwa da ke wannan zaure, manya da ƙanana, tare da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare a nan cikin Zinder, kuma tun bara aka damƙa mini kula da ɗakin kwamfutarmu. Kwamfutoci 14 ne a ɗakin, dukkansu waɗanda aka riga aka yi amfani da su ne, aka ba mu taimako. Guda 9 masu Core i3 ne da Core i5 na da, kowace da RAM (ƙwaƙwalwar da injin ke aiki da ita) giga 4, suna ɗauke da Windows 10. Sauran 5 ɗin sun fi tsufa, Core 2 Duo ne masu RAM giga 2, kuma har yau Windows 7 ce a kansu, wadda aka daina tallafa mata tun Janairun 2020. Ita ma Windows 10 an daina ba ta sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da na gwada Windows 11 sai na tarar babu ko ɗaya daga cikin injinanmu da ta cika sharuɗɗanta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙwayar cutar da ke yawo a filas. Yaro zai zo da filas daga shagon buga takardu, ya soka a kwamfuta ɗaya, kafin a tashi makaranta duk fayilolin ɗakin sun ɓuya, sai ƴan alamomin gajeruwar hanya kawai ake gani a madadinsu. A zangon karatun da ya wuce, takardun jarrabawar wani abokin aikina sun ɓace ta wannan hanya ana saura kwana biyu a zauna jarrabawa, sai da muka kwana muna sake bugawa.

Na yanke shawarar mayar da ɗakin kan Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, amma da na fara tambaya sai na ga kowa da gwaninsa. Wani ya ce Ubuntu, wani ya ce Linux Mint, wani kuma ya rantse cewa in ba Debian ba to ɓata lokaci ne. Ga halin da muke ciki, domin mai ba da shawara ya san inda zai dosa. Ba mu da intanet na dindindin, da wayata nake raba wa kwamfuta in buƙata ta taso, kuma kuɗin daga aljihuna suke fita. Wuta tana ɗaukewa babu sallama, musamman a watannin zafi. Allunan rubutunmu na tsarin Faransanci ne, wato AZERTY, alhali muna son yara su iya rubuta Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, balle yanzu da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Aikin da ake yi a ɗakin ba mai nauyi ba ne: koyon rubutu, jadawalin lissafi, shirya takardun jarrabawa, da ɗan bincike.

Ina roƙon waɗanda suka yi aiki da waɗannan manhajoji da hannunsu, a irin yanayinmu, su faɗa mini wanda suka fi so da dalilin da ya sa. Allah Ya saka da alheri.

Mai gyaran kwamfuta, kusa da kasuwar Dole

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya taimaka, wannan aiki ne na lada.

Shekaruna masu yawa ina ɗora wa mutane manhaja a shagona, kuma in ka ce in zaɓa maka ɗaya tilo, Linux Mint zan zaɓa, mai fuskar Xfce. Bari in yi bayanin fuska tukuna, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Abin da ake kira Linux a asali ƙwayar tsakiya ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Su Debian da Ubuntu da Mint kowannensu ya ɗauki wannan ƙwaya ne ya haɗa ta da sauran kayan aiki, sannan ya ɗora fuskar da mai amfani zai riƙa gani. Nauyin da tsohuwar kwamfuta take ji, galibinsa daga fuskar yake zuwa da kuma manhajar shiga intanet. Mint tana fitowa da fuska uku, Cinnamon da MATE da Xfce, kuma Xfce ce mafi sauƙi a cikinsu.

Dalilina na farko shi ne idon yaro da na malami. Wanda ya saba da Windows 7, in ya zauna gaban Mint zai ga maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo a ƙasa ta dama, kamar yadda ya saba. Na sha ɗora wa dattawa ita su tafi gida su yi mako guda ba su kira ni ba. Ubuntu kuwa fuskarta GNOME ce, tsarinta daban ne, kuma tana cin RAM fiye da abin da injinanka masu giga 2 za su iya ɗauka cikin daɗin rai.

Dalili na biyu shi ne kuɗin intanet, wanda ka ce daga aljihunka yake fita. Fayil ɗin ɗora Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, na Mint 22 bai kai giga 3 ba. Bayan haka Ubuntu tana kawo wasu manhajoji, har da Firefox ta shiga intanet, a cikin tsarin da ake kira snap, wanda yake sabunta kansa da kansa in ba ka hana shi ba. Mutumin da ke raba intanet daga waya yana iya waiwayowa ya tarar kuɗinsa sun ƙare bai san inda suka shiga ba. Masu Mint sun rufe wannan tsarin tun fitowa ta 20 a 2020, kuma sabuntawa ba ta sauka sai ka ce ta sauka. Duk da haka Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 aka gina ta, don haka rumbun manhajojin Ubuntu a buɗe yake gare ka, kuma za a ci gaba da tallafa mata har 2029. Wanda ya kafa ta a 2006, Clément Lefèbvre, Bafaranshe ne, kuma bayanai da Faransanci a kanta suna da yawa, wanda hakan zai taimaki abokan aikinka.

Game da tsofaffin guda 5, kada ka yi saurin yanke musu hukunci. Sau da yawa ana kawo mini Core 2 Duo da Windows 7 mai bit 32 a kanta, mai ita yana zaton injin ne ba ya ɗaukar 64, alhali Core 2 Duo tana ɗauka sarai. Ka tashi ɗaya daga filas mai ɗauke da Linux, ka buɗe tagar umarni, ka rubuta lscpu, za ka ga amsar a layukan farko. Wannan yana da muhimmanci domin Mint ta daina fitar da mai bit 32. In da hali ka nemo musu ƙarin RAM su kai giga 4, irin nasu na da ne amma ana samunsa a wurin masu gyara nan da Kano. Giga 2 ita ce iyakar ƙasa da masu Mint suka faɗa, za ta yi rubutu da lissafi, amma da an buɗe shafuka huɗu ko biyar na intanet za ta fara numfashi sama-sama.

Abu na ƙarshe ba na manhaja ba ne, amma in ka bar shi duk manhajar da ka ɗora za ta sha zargi a banza. Ka buɗe kowace kwamfuta ka hure ƙurar da ke cikinta kafin ka ɗora komai. Bayan hunturu ina buɗe injin in tarar fankarsa ta toshe da jar ƙura kamar an shafa mata kunu, in Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40 sai ta riƙa mutuwa da kanta, mai ita kuma ya ce sabuwar manhajar ce ba ta da kyau.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou

Malam, barka da ƙoƙari. Ina neman afuwar Yayana mai gyara, na yarda da yawancin abin da ya faɗa, musamman batun Xfce da batun ƙura, amma a kan zaɓin kansa ina da wani ra'ayi. Ni Debian nake so, kuma ina ganin ɗakin makaranta shi ne ainihin wurin da ta fi dacewa.

Ian Murdock ne ya kafa Debian a 1993, kuma har yau babu kamfanin da ya mallake ta, masu aikin sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke tafiyar da ita bisa yarjejeniyar da suka rubuta wa kansu. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, daga Debian aka ciro ta, Mint kuma daga Ubuntu. Wato Debian ce kaka, Mint jika. Ba don girman shekaru nake kawo wannan ba, sai don abin da yake nufi ga mai kula da injina 14 shi kaɗai. Debian tana fitar da tsayayyen bugu kusan duk shekara biyu, kuma da zarar ya fito ba a sauya masa komai sai gyaran tsaro da na manyan kurakurai. LibreOffice ɗin, wato manhajar rubutu da jadawalin lissafi, da Malam ya koyar da yara a watan Oktoba, ita za su tarar a watan Yuni, maɓallanta suna inda suke. Sabuntawar da ke sauka kaɗan ce, wanda hakan rangwame ne ga mai sayen intanet da kuɗinsa. Debian 13 ta fito a Agustan 2025, kuma in an haɗa da tallafin dogon zango ana samun kusan shekara biyar.

Abin da ake tsorata mutane da shi a da, wato katin Wi-Fi ya ƙi aiki bayan an ɗora, ya ragu ƙwarai tun Debian 12 ta 2023, domin daga nan ne aka fara saka ƙananan manhajojin da irin waɗannan katuna suke buƙata a cikin fayil ɗin ɗorawa na hukuma. Sai dai a lura, Debian 13 ba ta da abin ɗorawa na injin bit 32. In Malam ya gwada umarnin da Yayana ya faɗa ya tarar wata daga cikin tsofaffin ba ta ɗaukar 64, to antiX ita ce mafita, ita ma ƴar gidan Debian ce kuma an yi ta ne domin irin waɗannan injina.

Akwai wata dabara da za ta rage kashe kuɗi ko wane nau'i aka zaɓa cikin waɗannan, tunda dukkansu da tsarin apt suke sauke manhaja. Ana ɗora wata ƙaramar manhaja mai suna apt-cacher-ng a kan kwamfuta ɗaya, a haɗa sauran da ita da kebul, a nuna musu su riƙa nema ta wurinta. Ta farko da ta nemi sabuntawa ita ce za ta ci intanet, sauran 13 daga ajiyar cikin ɗaki za su ɗauka. Amma dabarar tana cin ribarta ne in duk injinan nau'i ɗaya ne, bugu ɗaya. Don haka ko da Malam bai ɗauki ra'ayina ba, ina roƙonsa kada ya raba ɗakin gida uku.

Ina kuma ba da shawarar Kiwix, wadda take ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, akwai ta Faransanci kuma akwai ta Hausa, sau ɗaya ake saukewa. Ga ƙananan yara akwai GCompris mai wasannin koyo, ga darasin Malam kuma akwai GeoGebra ta lissafi.

Wasu abokaina a jami'a suna son Fedora, wasu Arch, kuma ni ma na yi wata uku a kan Fedora na ji daɗinta. Amma Fedora tana fitar da sabon bugu kusan duk wata shida, kowane bugu tallafinsa wajen wata 13 ne, Arch kuma sabuntawarta ba ta yankewa. Waɗannan na mai kwamfuta ɗaya ne da intanet wadatacce, ba na makaranta ba.

Hajiya mai shagon buga takardu, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Malam, sannu da ɗawainiya. Ni ba masaniyar cikin injin ba ce kamar waɗanda suka riga ni magana, amma shekara uku ke nan kwamfutoci biyu na shagona suna kan Linux Mint, kuma da su nake ciyar da gida, don haka zan faɗi abin da na gani da idona.

Batun ƙwayar filas, gaskiya ne ka huta. Ƙwayoyin da ke yawo a garin nan domin Windows aka rubuta su, ba sa tashi a kan Linux. A rana ana kawo mini filas fiye da goma, in na soka sai in ga fayilolin da ƙwayar ta ɓoye suna nan daram, ga ita kanta ƙwayar a gefe kamar kowane fayil, in goge ta in mayar wa mai ita kayansa. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa tana kuka cewa rahoton ƙarshen karatunta ya ɓace, shafi sittin da wani abu, cikin minti biyu na fito mata da shi. Sai dai ka gargaɗi yara cewa in ba a goge ƙwayar ba tana nan a filas ɗin, kuma za ta kama kwamfutar gidansu mai Windows, domin Linux ba ta kashe ta, ƙin kamuwa kawai take yi.

Inda na sha wahala shi ne takardun da ake kawowa daga Word. LibreOffice tana buɗe su, amma a farko sai in ga layuka sun goce, takarda mai shafi ɗaya ta koma shafi ɗaya da layi biyu, jadawali ya tsallaka gefe. Na yi asarar takardu da tawada kafin in gane cewa matsalar ta salon haruffa ce. Yawancin takardun da Calibri ko Cambria aka rubuta su, kuma babu su a Linux. Akwai wasu guda biyu na kyauta, Carlito da Caladea, da aka auna faɗin haruffansu daidai da na waɗancan, tun da aka saka mini su gocewar ta ragu sosai. Na Arial da Times New Roman kuma akwai Liberation, wadda take zuwa tun farko. Ka tabbata ka saka waɗannan kafin malamai su fara kawo takardun jarrabawa, domin in malami ya ga takardarsa ta wargaje a rana ta farko, ba zai sake yarda da ɗakin ba ko da ka gyara daga baya. Kuma duk abin da aka gama, a fitar da shi PDF kafin a kai wurin bugawa.

Sai firinta. Kafin ka goge komai, ka tashi kwamfuta ɗaya daga filas ba tare da ka ɗora ba, ka haɗa firintar makaranta ka buga shafi ɗaya. Ɗaya daga cikin nawa tana haɗuwa ta kama aiki ba a taɓa komai ba, ɗayar kuwa sai da muka yi kwana uku ana neman direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. Gara ka san wannan tun Windows tana nan.

Haruffa masu lanƙwasa kuma, ina yawan buga katin aure da na suna da waƙoƙin makarantun allo da aka mayar boko, don haka dole na nemi hanya. A cikin jerin allunan rubutu na Linux akwai na Hausa, ɗaya na Najeriya ɗaya na Gana, amma an gina su ne a kan tsarin Ingilishi, in ka kunna su a allon AZERTY sai ka danna a ka ga q, yara za su rikice. Abin da nake yi shi ne a cikin LibreOffice na shiga wurin gyaran rubutu na kai tsaye na koya mata musanya, in na rubuta wata alama da na zaɓa sai ta mayar da ita ƙ ko ɗ. Hanyar tana aiki, amma a cikin LibreOffice kawai, kuma ta fi dacewa da kalmomin da na riga na shigar. In akwai wanda ya san hanyar da ta fi wannan, ni ma ina so.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou

Hajiya, akwai, kuma tana aiki a Mint da Debian duka ba tare da an taɓa tsarin AZERTY ba. Ana zaɓar maɓalli ɗaya da ba a cika amfani da shi ba, misali Ctrl na dama, a mayar da shi maɓallin haɗa haruffa a cikin saitin allon rubutu. Sannan a buɗe ƙaramin fayil mai suna .XCompose a babban jakar mai amfani, a rubuta layi takwas, huɗu na ƙananan haruffa huɗu na manya, kowane layi yana cewa in an danna wancan maɓalli, sannan b, sannan waƙafi, a fitar da ɓ, haka har zuwa ƴ. Bayan an fita an sake shiga, zai yi aiki a yawancin manhajoji. Sau ɗaya ake rubuta fayil ɗin, a kwafe shi a filas a zuba wa sauran injina.

Kafin a yi wannan, in ana sauri, kowane harafi yana da lambarsa: ɓ ita ce 0253, ɗ ita ce 0257, ƙ ita ce 0199, ƴ kuma 01B4. A LibreOffice in aka rubuta lambar aka danna Alt da X tare, sai ta rikiɗe ta zama harafin. A kula da salon haruffa ma, domin ba kowanne ne yake da waɗannan huɗun ba, in babu sai harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. DejaVu da Noto suna da su, haka Charis SIL da Andika, kuma Andika an tsara ta ne musamman domin masu koyon karatu. In Hajiya ta yarda zan biyo ta shagon ranar Asabar in saita mata.

Tsohon ma'aikacin ofis, unguwar Zango

Malam, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ga wanda ya faɗi abin da ba daidai ba. Ni Ubuntu na yi aiki da ita shekaru kafin in yi ritaya, kuma ba zan ɓoye cewa ina da ƙauna gare ta ba. Bugunta mai dogon tallafi yana fitowa a watan Afrilu duk shekara biyu, da tallafin shekara biyar, kuma jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani zubi nata da suka gyara wa kansu, wanda hakan ya isa shaida cewa ba abin wasan yara ba ce. Amma na yarda ta yi wa injinanka masu giga 2 nauyi, ba zan matsa ba.

Tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce, ranar da aka yi maka canjin wurin aiki, ko ka yi tafiya, wa zai buɗe ɗakin nan in wani abu ya tsaya? Na ga wani ofis da wani yaro mai ƙwazo ya tsara komai da kyau a kan nau'in da shi kaɗai ya iya, da ya samu aiki a Yamai bai cika wata biyu da tafiya ba aka kira wani ya goge komai ya mayar da abin da aka saba. Ɗana ɗalibi ya yi gaskiya cewa Debian ta fi tsayuwa, amma ɗalibi yana gama karatu ya tafi, mai shago kuwa yana nan kusa da kasuwa. Ka duba wanda ƙafarka za ta iya kaiwa gare shi, ka ɗauki abin da hannunsa ya saba da shi. Kuma tun ranar farko ka jawo malami ɗaya da manyan ɗalibai biyu su tsaya a kanka kuna ɗorawa tare, a rubuta kowane mataki a littafi da Hausa da Faransanci, a ajiye littafin a ofishin shugaban makaranta tare da kalmar sirri ta mai gudanarwa. Yara kuma a buɗe musu asusu marar ikon sauya tsari.

Batun wuta, tsarin ajiya na ext4 da waɗannan nau'o'i suke amfani da shi yana jure ɗaukewar wuta gwargwado, domin yana riƙe da rajistar abin da yake rubutawa. Lokacin haɗari shi ne tsakiyar sabuntawa. In wuta ta ɗauke a nan, sau da yawa umarnin sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da ya yanke, a rubuta shi a shafin farko na littafin. Mint tana zuwa da Timeshift, wadda take ɗaukar hoton tsarin domin a koma baya in abu ya lalace, a kunna ta kafin kowace babbar sabuntawa.

Malamin lissafi, unguwar Birni

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Jiya bayan la'asar na tashi tsofaffin guda 5 daga filas ɗaya bayan ɗaya, kuma kamar yadda mai gyara ya faɗa, dukkansu suna ɗaukar bit 64. Firintarmu ma ta buga shafin gwaji ba tare da gardama ba, Hajiya, na ji daɗin da na gwada tun kafin in goge komai.

Na tsaya a kan Linux Mint mai fuskar Xfce a duk injina 14. Hujjar ɗalibinmu a kan Debian ta shige ni sosai, har na ɗora ta a kwamfutata ta gida domin in koya a hankali, amma maganar Baba ce ta yanke mini hukunci, tunda mai gyara yana nan cikin gari kuma ita ce ya fi sani. Zan bi shawarar ajiya ɗaya ta apt-cacher-ng, kuma ina tunanin ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke ofis, saboda batirinta yana riƙe kusan awa ɗaya in wuta ta ɗauke. Kwamfuta ɗaya zan bari da Windows ɗinta har ƙarshen zango, ba tare da intanet ba kuma ba a soka mata filas ɗin kowa, saboda manhajar da ake shigar da makin ɗalibai a kanta take aiki kuma ban gwada ta a Linux ba tukuna. Wato 13 za a fara da su ranar Asabar mai zuwa, malamar Faransanci da ɗalibai biyu na ajin ƙarshe sun amince su zo.

Saura tambaya ɗaya ga ɗalibinmu. Fayil ɗin nan na haruffa masu lanƙwasa, in na buɗe wa yara asusu daban da na malamai, sai na kwafa shi a kowane asusu, ko akwai wurin da zan ajiye shi sau ɗaya ya shiga duk sabon asusun da aka buɗe? In za ka biya ta wurin Hajiya ranar Asabar, ka daure ka ƙaraso Birni, muna makaranta tun ƙarfe 8 na safe har azahar.